Na goma sha ɗaya na zaune gida

Golf ya dawo wasannin Olamfik a Riyo a 2016, bayan shekara 112. Maza 60 ke shiga, mata 60. Sai dai ba su ne gwanaye 60 na farko a duniya ba. Ƙasa ɗaya ba ta wuce mutum huɗu, su ma sai suna cikin 15 na sama. In ba haka ba, biyu ke nan. Sai ka ga gwani Ba'amurke na zaune gida, wanda bai kama ƙafarsa ba yana fili.

Abokaina na cewa wannan na rage armashi. Ni kam ban yarda ba, don na san kokowar takobi. Kowace jaha 'yan kokowa goma take kaiwa. Yaron Agye, Gazawa ko Gidan Runji sai ya ka da 'yan uwansa kafin ya shiga goman Maraɗi, kuma wataƙila na goma sha ɗayanmu ya fi zakaran wata jahar. To amma da ba don gurbin ba, wa zai kunna rediyo a Diffa?

A Tokiyo ma, Aditi Ashok ta Indiya tana wajen ta 200 a duniya, gurbin ƙasarta ya shigar da ita, ta zo ta huɗu.