Ganyen Faragwai a Kofin Shayin Baba

Tun ranar da likita ya tabbatar masa da ciwon suga, tsohon malamin ya daina marmarin shayin safe. Shekara arba'in yana zuba sukari cokali uku, yanzu kuwa sai ruwan bunu. Da 'yarsa ta kawo masa ƙaramin kwalin sitibiya, ya kurɓa, ya ɗan yi shiru.

"Zaƙin yana nan," in ji shi, "amma akwai ɗaci a bayansa."

"Haka ganyen yake, Baba," ta amsa.

Gaskiya ta faɗa. Sitibiya tsiro ne da asalinsa ke kan iyakar Faragwai da Birazil, inda al'ummar Guarani suka daɗe suna sanya shi a abin shansu, suna kiransa ganye mai zaƙi. A 1931 masana biyu a Faransa suka ware sinadarin da ke ba shi zaƙi, wanda ya ninka na sukari sau 200 zuwa 300, kuma shi ne ke barin ɗan ɗacin nan a harshe. Japan ta fara sayar da shi a 1971, Tarayyar Turai ta amince da shi a 2011.

Jiki ba ya samun kuzarin kirki daga wannan sinadari, ba ya kuma ɗaga sukarin jini. Sai dai abin da ke cikin kwali ba kullum yake zalla ba: wasu kamfanoni sukan cakuɗa shi da garin gulukos don ya yi auki. Saboda haka 'yar takan karanta bayanin kwalin kafin ta biya.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da ire-irensa don rage ƙiba, ko da yake shawarar ba ta shafi masu ciwon suga ba. Sitibiya ba magani ba ne. Tuwo, burodi da farar shinkafa suna nan da aikinsu a jini, ko da kofin ba shi da sukari.

Malamin ya fahimci haka. Ya rage malmalar tuwonsa, ya ci gaba da shan maganinsa, yana takawa masallaci da ƙafa. Sitibiya kuwa abu ɗaya ya dawo masa da shi: zaman safe a kan tabarma, kofi a hannu, rediyo a gefe.