Ranar da garma ta ƙi ɗagawa

Tsohuwar taraktar mahaifina, Massey Ferguson 135, da ita nake neman abinci a Iku. Farkon damina na karɓi kuɗin huɗar maƙwabcina Bagwari, sai garma ta ƙi ɗagawa. Wallahi kunya ta ishe ni, ga ni baƙo.

Da na zaro sandar awo, man ya yi fari kamar kunun gyaɗa. Ashe ruwan sama ya shiga ta robar giya da ta tsage, kuma man giyar shi ke ɗaga garma. Na kwance noti biyu na ƙasa, na tsiyaye shi da ɗuminsa, na wanke matata, na zuba sabo. Washegari da sassafe ina gonarsa.