Mun Bar Kwal Tun Da Daɗewa, Hayaƙi Bai Bar Mu Ba



Daren da rediyo ya ba da labarin cewa Ingila ta rufe tasharta ta ƙarshe mai ƙona kwal don samar da lantarki, a ƙarshen Satumban 2024, muna zaune ne a ƙofar masallaci bayan Isha'i. Babu wuta, janareta uku suna ruri a layin, sai da aka ƙure muryar rediyon kafin muka ji. Wani yaro ya tambaya ko kwal shi ne gawayin mai tsire. Aka yi dariya, aka ce masa a'a: gawayi itace ne aka ƙona, kwal kuwa baƙin dutse ne da ake haƙowa a ƙarƙashin ƙasa.

Sai wani dattijonmu, wanda mahaifinsa ya yi aikin reluwe, ya nuna wajen Ijora da sandarsa ya ce, "Ai mu mun riga Turawa bari."

Gaskiya ya faɗa. Tsohuwar tashar lantarki ta Ijora, da muke wucewa kullum ba ma ko ɗaga kai, ta fara aiki a 1923, kuma kwal take ci. A Udi, kusa da Inugu, aka gano shi a 1909. Jirgin ƙasa ya kai shi Fatakwal, jirgin ruwa ya kawo shi Ikko. Shi ne kuma ya riƙa tura jiragen ƙasan da hedikwatarsu ke nan Ebute Metta, waɗanda suka sauke kakanninmu a Iddo da shanu da fatu, suka koma da su Kano da huhunan goro. Ke nan zaman da muke yi a unguwar nan ma akwai hannun kwal a ciki.

Sai dai barin da muka yi masa ba shiri ba ne. An samu man fetur a Oloibiri a 1956, reluwe ta koma dizal, madatsar Kainji ta fara ba da wuta a 1968, yaƙin basasa ya tsayar da haƙa. Ramukan Inugu suka mutu a hankali, garin da aka harbe mahaƙa 21 a Iva Valley a 1949 don sun nemi haƙƙinsu. Yau wutar ƙasar nan daga iskar gas take fitowa, kamar tashar Egbin ta Ikorodu, sai ruwan Kainji da Jebba da Shiroro. A takarda, mun wuce inda Ingila ta isa jiya. Shugaba Buhari ma ya je taron Glasgow a 2021 ya yi alkawarin cewa nan da 2060 hayaƙin da Najeriya ke fitarwa ba zai fi wanda take iya shafewa ba.

To amma a zo layinmu da azahar a shaƙa. Mun rufe babbar tasha ɗaya, mun buɗe ƙanana dubbai, kowane a bakin shagon mai shi. Tela yana da nasa, mai aski yana da nasa, mai cajin waya yana da nasa. Kowa a cikinmu ya taɓa jin labarin gidan da aka kwana da janareta a lungu aka wayi gari da gawa. Namu kwal ɗin ke nan, a jarka muke sayo shi.

Ba wa'azin sauyin yanayi ne ya motsa mu ba, mu faɗi gaskiya, aljihu ne. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000. Kuɗin da ake tarawa ranar Juma'a don man masallaci ya daina kai mu Talata. A nan aka kawo shawarar sola.

An sha muhawara. Wasu suka ce kuɗin faranti da batir da inbata ya isa mu sayi mai na watanni, me ya kai mu? Wasu suka ce damina a Ikko ba ta Sakkwato ba ce, sai a yi kwana uku ba a ga rana ba. Suna da hujja. Mun yi karo-karo, mun saya, kuma mun ci karo: batir ɗin farko da wani mai shago ya sayar mana a matsayin sabo, bai yi wata biyar ba ya fara mutuwa tun kafin Asuba. Sai da muka sake tara kuɗi, muka nemo wanda ya san aikin, ya lissafa mana fanka nawa, ƙwai nawa, lasifika nawa, kafin a sayi komai. Da tun farko muka yi haka, da ba mu yi asara ba. Yanzu ladan yana kiran salla ba tare da an ja igiyar janareta ba, limami kuma ya daina ɗaga murya don ya rinjayi inji.

Abin da ya rage shi ne ya fi wuya. Masallaci yana da rufinsa. Mu kuwa yawancinmu 'yan haya ne, ɗaki ɗaya, rufin na mai gida ne, ga ba a san ranar da zai ce a tashi ba. Mai ƙarfi ya sayi sola ya huta da mai, marar ƙarfi yana nan yana biyan mafi tsadar wuta kullum, lita-lita, don ba zai iya haɗa kuɗin a dunƙule ba. Mahaƙan Inugu haka aka canja zamani aka bar su a baya, kuma ba ma son telanmu da mai cajinmu su bi sahunsu.

Shi ya sa a zaman da ya wuce aka kawo maganar adashe: masu shago goma su haɗu, duk wanda ya kwasa a saya masa ƙaramin sola mai ɗaukar fanka da ƙwai da caji, irin wanda zai kwance ya tafi da shi in an tashe shi. Mutum shida sun ba da suna. Mai walda ya ce a cire shi, injinsa ya fi ƙarfin wannan, kuma har yanzu ba mu da amsar da za mu ba shi. Wanda yake son shiga, ko wanda ya riga ya gwada a Agege ko Idi-Araba, ya same mu bayan La'asar ranar Lahadi.