Ja da Baya Ga Rago

Wata safiyar Talata cikin azumin 2024 muka buɗe shago, muka yi shara, muka kunna kwamfuta kamar kullum, sai ta tsaya a baƙin allo. Babu hoton da muka saba gani, babu inda za a latsa, sai wasu 'yan layukan rubutu da wata 'yar sanda da ke ƙyaftawa a ƙasa. Muka kashe muka sake kunnawa har sau uku. Ana cikin haka wata ɗaliba ta yi sallama a bakin ƙofa. Kundinta na kammala karatu ne a cikin kwamfutar, shafi tamanin da wani abu, wanda muka shafe kwana huɗu muna shigar da gyaran da malaminta ya yi da jan biro. Ranar Alhamis za ta miƙa shi, kuma gyararren kwafin babu shi a ko'ina sai a wajenmu.

Mu uku ne a shagon, uwa ɗaya uba ɗaya. Babbanmu ke riƙe da kuɗi da littafin lissafi, na tsakiya ke bugun takardu, autanmu kuma shi ya karanci kwamfuta, duk abin da ya shafi cikinta nasa ne. Aikinmu buga takardu, fotokwafi, ɗaure kundi da cike wa mutane fom a intanet. Da wannan muke cefane, da shi muke biyan hayar shago.

Autanmu ne ya kawo mana Debian shekaru kaɗan kafin nan. Babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta, daga dangin Linux, wadda wani Ba'amurke mai suna Ian Murdock ya kafa a 1993, kuma har yau 'yan sa-kai ne daga ƙasashe daban-daban ke kula da ita. Kyauta ce, kowa na iya duba yadda aka rubuta ta. Mun karɓe ta ne saboda tsohuwar kwamfutarmu ta yi nauyi, ga ƙwayoyin cuta da filashin ɗalibai ke kwaso mana kullum. Da muka koma Debian sai muka huta, muka manta ma da ita, kamar yadda mai lafiya ke mantawa da haƙoransa.

Abin da mu biyun ba mu fahimta ba sai daga baya shi ne Debian rassa gare ta. Akwai tabbataccen reshe, wanda ake fitarwa kusan duk shekara biyu, daga nan ba a ƙara masa komai sai gyaran tsaro da na manyan kurakurai. A lokacin sunansa Bookworm, wato Debian 12, wanda ya fito ranar 10 ga Yuni, 2023. Akwai reshen gwaji, inda ake haɗa fitowa ta gaba. Sai na uku, inda masu aikin ke zuba sababbin abubuwa da zafinsu. Sunayen fitowar Debian duka daga fim ɗin yara na Toy Story ake ɗaukowa, kuma kowace fitowa da nata, amma wannan reshe na uku sunansa ba ya canzawa. Sid ake kiransa, sunan yaron maƙwabta da ke ɓalla kayan wasa a cikin fim ɗin. Mutanen ba su ɓoye wa kowa komai ba, tun daga suna sun yi gargaɗi.

Autanmu ya mayar da kwamfutar shago kan Sid wata shida kafin wannan safiya. Ba a ɓoye ya yi ba, ya gaya mana, mu kuma muka ce to. Gaskiya ma mun ji daɗi. Manhajar rubutu ta zo da sababbin abubuwa, fuskar kwamfutar ta yi kyau, kuma idan abokansa sun zo shago suna kallo suna tambaya, har mu sai mu riƙa jin kanmu 'yan zamani. Kusan kowane dare yakan sayi datar dare ya yi sabuntawa, da safe mu tarar da wani abu ya canza wuri. Mun saba da hakan har muka ɗauka haka ci gaba yake.

Abin da ya faru daren Litinin ɗin ba wani abin mamaki ba ne ga wanda ya san reshen. A watannin nan masu Debian suna tsakiyar wani gagarumin aiki. Yawancin irin waɗannan manhajoji suna lissafin lokaci ne ta hanyar ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu, 1970, kuma a tsofaffin na'urori gurbin ƙirgar zai cika ranar 19 ga Janairu, 2038. Don kauce wa wannan suka shiga faɗaɗa gurbin, abin da ya sa aka canza sunayen ɗaruruwan ƙunshin manhaja, aka liƙa musu t64 a ƙarshe. A irin wannan lokaci wani ƙunshi yakan iso kafin ɗan'uwansa da ya dogara da shi. Autanmu ya kwana biyu bai yi sabuntawa ba, ya zo a gajiye bayan sallar dare, manhajar apt ta jero masa abubuwan da za ta cire kafin ta ci gaba, ta tambaye shi ko ya yarda. Ya danna amincewa bai karanta ba, ya rufe shago. Cikin abubuwan da ta cire har da fuskar kwamfutar da manhajar da ke magana da firinta.

Ɗalibar ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Ta zauna a benci ta rungume jakarta, ta ce wa babbanmu, "Yaya, don Allah ku gaya mini gaskiya, aikin yana nan ko ya tafi?" Babbanmu ya dubi autanmu. Autanmu ya ce yana nan, kuma gaskiya ya faɗa, domin takardu ba su taɓu ba. Ya kwafo kundin zuwa filashi ta baƙin allon, na tsakiya ya ɗauka ya tsallaka titi zuwa shagon maƙwabcinmu, mutumin da muka daɗe muna yi wa dariya saboda tsohuwar manhajar da yake amfani da ita. Ya buga mana ba tare da ya ce uffan ba, muka biya shi kuɗin bugu cif-cif. Ɗalibar ta karɓi kundinta da la'asar. Mun ƙi karɓar cikon kuɗinta, ita kuma ba ta sake dawowa ba.

Laraba da Alhamis gardama muka yi. Autanmu ya lallaɓa ya dawo da fuskar kwamfutar, firinta kuma tana bugawa yau gobe ta ƙi. Ra'ayinsa shi ne a yi haƙuri, nan da mako biyu komai zai daidaita, haka Sid yake. Babbanmu ya ce mako biyu a shago kuɗin haya ne. Da aka ambaci komawa Bookworm sai autanmu ya haɗe rai, ya ce, "Haba Yaya, mutane na gaba mu kuma mu koma baya?" Mun gane ba maganar kwamfuta kaɗai yake yi ba. Shi ne ya yi karatun, wannan kwamfuta ita ce wurin da yake nuna abin da ya sani, komawa baya kuwa tamkar a ce masa ya gaza ne a gaban yayyensa.

Ranar Juma'a, 29 ga Maris, gardamar ta mutu da kanta. Wani injiniya mai suna Andres Freund, wanda ke aiki a Microsoft, ya sanar da duniya abin da ya gano a kwamfutarsa mai ɗauke da Sid. Ya lura shiga na'urar daga nesa na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya kamata, ya bi diddigi, sai ya tarar an dasa ƙofar sirri a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. Wanda ya dasa ta, da sunan Jia Tan, ya shafe shekara biyu ko fiye yana taimakawa a aikin har aka amince da shi. Fitowa biyu abin ya shafa, 5.6.0 da 5.6.1, kuma ƙofar ta riga ta shiga Sid da reshen gwaji. Bookworm kuwa yana kan 5.4.1, tsohon da ba a taɓa ba.

Autanmu ne ya ga labarin a wayarsa bayan shan ruwa. Ya tashi ya koma shago, muka bi shi. Ya buga umarni ɗaya, allo ya nuna 5.6.0. Ba mu ga alamar wani ya shigo mana ba, kuma da wuya wanda ya shirya irin wannan tarko ya damu da shagon buga takardu. Amma mun tsaya muna kallon abin da ke cikin kwamfutar: hotunan fasfo na mutane, takardun shaidar ɗan ƙasa, sakamakon jarrabawa, takardar rabon gadon wani gida, wasiƙar neman aikin wani magidanci. Ba namu ba ne ko ɗaya. Mutane sun ba mu amana, mu kuma mun ajiye ta a filin gwaji saboda muna son sabon abu. Autanmu da bakinsa ya ce, "Gobe mu koma."

A nan muka koyi cewa hanyar komawa ba a share take ba. Debian ta faɗa a rubuce cewa ba ta ɗauki nauyin saukowa daga sabon reshe zuwa tsoho ba, domin an tsara kowane ƙunshi ya san yadda zai gaji na baya da shi, ba yadda zai miƙa wa na baya mulki ba. Akwai dai wata dabara. Manhajar apt tana ba kowane tushe maki, kuma ba ta yarda ta sauke ƙunshi zuwa tsohonsa sai makin ya kai 1000. Don haka ranar Asabar autanmu ya gyara jerin tusoshi ya mayar da su Bookworm, ya ba shi maki 1001, ya ce ta fara. Wannan karon mu uku muka karanta jerin da ta kawo, layi bayan layi, duk da mu biyu ba mu gane rabinsa ba. Abu ya yi ta tafiya yana tsayawa, ana warware wannan wancan na ƙullewa. Wajen ƙarfe sha ɗaya na dare, tana tsakiyar sauke libc6, ƙunshin da kusan komai ya dogara a kansa, aka ɗauke wuta. Batirin da ke riƙe kwamfutar ya daɗe da mutuwa, muna ta cewa za mu saya. Da muka tayar da janareta, kwamfutar ba ta ko kai baƙin allon ba.

Abin da ya cece mu shi ne taurin kan babbanmu. Tun da rana ya ce ba za a taɓa komai ba sai an kwashe takardun mutane zuwa faifan ajiya na waje, har sai da ya sa aka buɗe wasu a wata kwamfuta ya gani da idonsa. Ranar Lahadi muka yi abin da ya kamata mu yi tun farko. Muka sauke Bookworm a filashi, muka goge komai, muka dasa shi sabo. Bai ɗauki awa biyu ba. Firinta ta buga shafin gwaji a karon farko, na tsakiya ya ɗaga takardar sama kamar wanda ya ci kofi.

Ko a nan ba duka abin da muka ɗauko ne ya yarda ya dawo ba. Firefox ɗin Sid ya haura 120, na Bookworm kuwa 115 ne, kuma da muka mayar masa da tsohuwar ma'ajiyar saitinmu sai ya ƙi buɗe ta, ya ce wanda ya fi shi sabunta ne ya yi amfani da ita. Dole muka sake shigar da kalmomin sirri ɗaya bayan ɗaya, wasu ma sai da muka nemi a sake mana su. Wasu 'yan abubuwa da muka saba da su a manhajar rubutu suka ɓace, hannu ya riƙa zuwa inda babu komai. Takardu kam sun dawo lafiya, ko ɗaya ba ta yi ciwon kai ba.

Ba mu zama maƙiyan Sid ba. Da babu masu zama a kansa, da Bookworm bai zama abin dogaro ba, kuma mutumin da ya gano ƙofar sirrin nan a kan Sid yake, shi ya sa ba ta kai ga tabbataccen reshe ba. Wani ne ke taka ƙaya domin wani ya bi hanya a share. Kuskurenmu shi ne mun sa abokan cinikinmu taka ƙayar ba da saninsu ba. Saboda haka muka haɗa kuɗi muka saya wa autanmu tsohuwar laftof ta hannu, ya dasa Sid ɗinsa a kai, yana ɓallawa yana gyarawa, har ya fara aika rahoton kurakurai ga masu aikin. Kwamfutar shago kuwa muka yi mata doka: ba ta karɓar komai sai gyaran tsaro, ba a danna amincewa sai an karanta, kuma kowace Juma'a ana kwashe takardu zuwa faifan waje. Mun kuma sayi batirin.

Debian 13, mai suna Trixie, ta fito ranar 9 ga Agusta, 2025. Babbanmu ne, abin mamaki, ya tambaya ko za mu hau. Autanmu yana tsakiyar ɗaure wani kundi, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "A'a Yaya, lokacin furojet ne. A bari ɗalibai su gama miƙawa, sannan mu gwada ta a laftof tukuna."