Sawun da ke zana ƙasa

A Cirozerin ƙasa ba ta rufa wa mai tafiya asiri. Rairayi ne da ƙura, ga baƙin garin gawayin Anu Araren, inda kamfanin SONICHAR ke haƙa tun farkon shekarun 1980 don bai wa Arlit da Agadas wuta. Buzaye kan dubi sawun raƙumi su faɗi ko da kaya ya wuce ko babu. Sawun mutum ma yana magana. Cikin waɗanda suka bi hanyar kasuwa, wani lokaci za ka ga ɗaya da ɗan zane a gabansa, kamar an ja tsinke. Mai wannan sawu ba ya iya ɗaga tafin ƙafarsa. Yatsu ke fara taɓa ƙasa, silifa na suɓuce masa, don haka yake ɗaga gwiwa fiye da kima kafin ya taka.

Mutane kan ce iska ce ta taɓa shi. Sau da yawa kuwa jijiya ce aka taɓa, babbar nan mai kaurin yatsa da ke fitowa daga ƙashin baya, ta ratsa ɗuwawu dab da bayan gaɓar kwatangwalo, ta gangara cinya. Likitoci na ce mata siyatik. Reshe biyu gare ta, kuma wanda ke ɗaga tafin ƙafa shi ne marar juriya. A yara, allurar ɗuwawu da aka soka ba a wurinta ba, musamman ta kinin, ta nakasa da yawa. A manya akwai wata hanya da ba a cika zancenta ba: aikin sauya kwatangwalo.

Kada a ɗauka aikin tsofaffin Turai ne kawai. John Charnley ya daidaita shi a Ingila a 1962, amma a nan masu buƙatarsa har da matasa masu sikila, waɗanda kan ƙashin cinyarsu ya mutu don rashin jini, da waɗanda hatsarin mota ya karya a hanyar Tawa zuwa Arlit. Sai an yi doguwar tafiya: Yamai, da ke kusan kilomita 1,000 daga Agadas, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, masu hali kuma Tunisiya ko Indiya. Dangi su haɗa kuɗi, a sayar da bisashe. Tambayar kowa ita ce ƙarfen da za a dasa nawa ne, na wace ƙasa ne, shekara nawa zai yi. Da wuya ka ji an tambayi jijiya.

Alhali a aikin farko, mutum 1 ko 2 cikin 100 kan fito da raunin jijiya, kuma hatsarin ya fi haka idan gyaran tsohon aiki ne, ko gaɓar da ma a goce take tun haihuwa. Ba kasafai ake yanke ta ba. Matse ta ake yi ko a ja ta. Ƙarfen da ake buɗe nama da shi, idan aka kafa shi a tsoka maimakon jikin ƙashi, ita yake dannewa. Shi ya sa likitan da ke shiga ta baya yake miƙe ƙugu ya lanƙwasa gwiwa, don jijiyar ta saki. Wanda ke shiga ta gaba kuma yana da tasa damuwar, jijiyar da ke miƙe gwiwa, da wata ƙarama da kan bar gefen cinya a mace.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne batun tsawo. Wanda ya shekara goma yana ɗingishi da gajeriyar ƙafa, burinsa ya tashi daga aiki ƙafafu daidai. Amma jijiyar ma ta saba da gajartar. Ƙarin da ya kai wajen santimita 4 a lokaci guda yana iya shanye ta. Likitan da ya bar ɗan bambanci ya ce a ƙara tudu a takalmi, a ganina ya san aikinsa, ko da dangi sun koma gida suna gunaguni.

Da maganin barci ya saki, akan ce wa majinyaci: «Malam, ɗaga yatsunka.» Masu jinya kan ɗauka gaisuwa ce. A tashi majinyacin a sake gwadawa da dare da safe. Ƙafar da ta motsa jiya ta ƙi yau, ga zafi a ɗuwawu da kumburi, mai yiwuwa jini ne ya taru yana danne jijiyar, kuma gaggawar buɗewa a kwashe shi ke ceto ta. Mutumin Arlit ko Akokan ya tabbatar ƙafarsa na motsi tun yana gadon asibiti, don idan ya hau bas zuwa arewa ya yi wa likitansa nisa.

In rauni ya auku, jijiya kan tsiro kimanin milimita 1 a rana. Daga ɗuwawu zuwa ƙwauri, lissafin ya wuce shekara, wasu su warke sarai, wasu rabi. Kafin nan ana sa wa ƙafar tallafin roba a cikin takalmi rufaffe, ana kuma miƙe agara kullum. Zafin bazara kan sa a jefar da robar a koma silifa, sai agarar ta ƙanƙance, jijiya ta farfaɗo ta tarar da gaɓar idon sawu ta riga ta sandare.