Siddhartha Biyu Ne, Ni Na Haɗe Su

Lokacin da nake koyarwa a wata makaranta a Madadi, na taɓa gaya wa ɗalibai cewa Buddha ya ƙare rayuwarsa yana fiton mutane a kwale-kwale. Da ƙarfin gwiwa na faɗa, su kuma suka rubuta. Ba gaskiya ba ne.

Asalin abin wani littafi ne da na saya wurin masu tsofaffin littattafai a Kano, mai suna Siddhartha, na Hermann Hesse, haifaffen Jamus, wanda ya fito a 1922. Da ma na ji cewa sunan Buddha na asali Siddhartha, sai na ɗauka tarihinsa nake karantawa. Ashe takwara ne kawai. Siddharthan Hesse ɗan malamin addinin Hindu ne. A cikin labarin ma ya gamu da Buddha ido da ido, ya saurare shi cikin ladabi, amma ya ƙi binsa. Abokinsa Govinda ne ya bi. Shi kuwa ya faɗa kasuwanci da caca da son wata mata mai suna Kamala, daga baya ya koma bakin kogi yana fiton mutane a kwale-kwale. Duk na karanta wannan, amma abin da na riga na ƙudurta ya rufe mini ido.

Buddha na tarihi ɗan sarauta ne na kabilar Shakya, an haife shi a Lumbini, cikin Nepal ta yau. Mabiyansa sun ce ya bar gida yana da shekara 29, ya fara wa'azi a Sarnath, ya mutu a Kushinagar yana da kimanin 80. Babu kwale-kwale a ciki.

Wani tsohon ɗalibina da ya tafi jami'a shi ya gyara mini, a kaikaice, yana cewa, "Malam, ko dai littafin ne ya ruɗe?" Littafin bai ruɗe ba. Hesse bai ce tarihi yake rubutawa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da wani baƙo zai karanta Ruwan Bagaja ya ce Malam Zurƙe shi ne malamin Musulunci, da ni ne na farkon yin tsalle. Ga shi na yi wa addinin wasu haka.

Har yanzu ina son littafin, don shi ya sa na fara tambaya. Amma malamai 'yan'uwana, abin da kuka tsinta a ƙagaggen labari game da addinin wani, ku bincika kafin ku hau allo da shi.