Singafo: Kasuwar da Na'ura ke Dillanci

Wanda ya fito daga tashar jirgin ƙasa ta Raffles Place, a tsakiyar unguwar bankunan Singafo, ya shiga ginin The Arcade, zai tarar da 'yan canji jere a ƙananan rumfuna, da yawansu Musulmi 'yan asalin Indiya. Kowa da allonsa: ga farashin saye, ga na sayarwa. Tazarar da ke tsakani ita ce abincinsa, kamar dai mutanenmu na Wapa a Kano.

Taron Token2049 na masu harkar kirifto ne ya kai ni garin a farkon Oktoban 2025, a Marina Bay Sands. A can na ga wannan sana'a an raba ta da ɗan Adam. A rumfar wani kamfani, wani matashi ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa. Koren layi na masu saye, ja na masu sayarwa, lambobi na sauyawa tun ido bai kama su ba. Ya ce mini yawancin tayin nan manhaja ce ke yinsa, wadda suke kira bot. Takan taya ƙasa kaɗan, ta sa kuɗi sama kaɗan, a kasuwanni da dama lokaci guda. Da farashi ya motsa a kasuwar Binance, sai ta janye tayinta na sauran wuraren ta sake sabo. Aikin kamfanoni irin Wintermute na Landan ke nan.

Akwai kuma irin na Uniswap, wanda Hayden Adams ya ƙaddamar a 2018. Nan babu tayi sam. Jama'a ke zuba kuɗin kirifto iri biyu a rumbu ɗaya, lissafi ke yanke farashi: iya yadda aka kwashi ɗaya, iya yadda yake ƙara tsada.

Amfaninsu a fili yake. Ko da ƙarfe ukun dare kake son sayarwa za ka sami mai saye, kuma farashi ba ya nisa tsakanin kasuwa da kasuwa. Abin da ya dame ni shi ne, na'urar ba ta da kunya, ba ta san sabo ba. An gina ta ne ta tsare jarin mai ita. In hadari ya haɗu, ita ce farkon naɗe tabarma.

An gani a Nuwamban 2022. Da kamfanin dillanci Alameda Research ya rushe tare da kasuwar FTX, tayi ya yi ƙaranci, har ciniki kaɗan kan girgiza farashi. An sake gani ranar 10 ga Oktoban 2025, jim kaɗan bayan taronmu. Donald Trump ya yi shelar ƙarin haraji kan kayan Sin, masu tayi suka ja baya, aka rufe cinikin masu caca da bashi na kimanin dala biliyan 19 cikin yini guda.

Ga kuma cikar kasuwa ta ƙarya. A Oktoban 2024, hukumar FBI ta Amurka ta bayyana cewa ta ƙirƙiro kuɗinta, NexFundAI, don ta kama masu sa na'ura ta sayar wa kanta ta saye, a ɗauka ana rububi. An tuhumi kamfanoni ciki har da Gotbit.

Singafo na karɓar baƙin kirifto hannu bibbiyu, amma tun Janairun 2022 hukumar kuɗinta ta hana tallarsa a wuraren jama'a. Ba ka ganinsa a jirgi ko a tashar bas. Sun san kasuwar ba ta kowa ba ce.

Ƙannenmu masu wannan ciniki a waya, ku daina ruɗuwa da yawan hada-hadar da ake nuna muku. Kafin ku sayi sabon kuɗi, ku duba tayin saye nawa ne a ƙasan farashi, kuma su wa ke riƙe da shi. Sannan kada ku shiga da bashi, domin ranar da kuke neman mai saye ido rufe, ranar ce aka umarci na'ura ta kauce.